Idon da ba ya ciwo

Kawuna tela ne, ya yi fiye da shekara talatin yana ɗinki a wani shago kusa da babbar kasuwar Maraɗi, kuma har zuwa damanar bara yana zura zare a allura da kansa idan ya sa tabarau. Saboda haka babu wanda ya kawo maganar ido a ransa sa'ad da ya fara tuntuɓe da buta a ƙofar masallaci, ko ya bangaji mutum da kafaɗa a hanya sannan ya juyo yana ba da haƙuri. Mun ɗauka tsufa ne. Hankalinmu bai tashi ba sai ranar da wani ɗan kabu-kabu ya kusa kaɗe shi, ya dawo gida yana rantsuwa cewa bai ga babur ɗin ba sai da ya tsaya a gabansa.

Ni na raka shi wurin likitan ido. A hanya yana ce mini, "Ɗana, yanar ido ce kawai, a kankare ta in koma bakin aikina." Likitan ya ɗiga masa magani, ya auna ƙarfin ruwan idon, ya haska cikinsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa shi ya rufe ido ɗaya ya riƙa faɗin inda ya ga ɗigon haske. A idon dama, duk hasken da ya fito ta gefe ya wuce Kawu bai ce uffan ba. Likitan ya ce, "Baba, wannan hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ɓarna."

Sunan yana ruɗar mutane, domin ciwon ba shi ne hawan jinin da aka sani ba, mai lafiyayyen jini ma yana iya kamuwa da shi. A cikin ido akwai wani ruwa da ke samuwa kullum, yana kuma fita ta wata ƴar siririyar magudana. Idan magudanar ta cushe sai ruwan ya taru ya matsa wa jijiyar gani, wadda ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Awon lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21, na Kawu ya haura 30. Abin da ya fi damuna shi ne irin wanda ya fi yawa ba ya zuwa da zafi ko ja ko ƙaiƙayi. Ganin gefe yake fara ci a hankali, ya bar na tsakiya sai daga ƙarshe, shi ya sa mutum zai iya zura allura alhali ba ya ganin abin da ke tahowa ta gefensa. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Maganin ɗigawa na kullum, ko aikin leza, ko tiyata, suna tsare abin da ya rage ne kawai.

A nan ya bambanta da yanar ido, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki a sa gilashin roba a madadinta, gani ya dawo. Mutanenmu da yawa suna haɗa su biyun, sai su zauna suna jiran yana ta nuna, ko su kai kansu ga masu soka ido da tsinke a ƙauye, aikin da ya sha tsiyayar da idon da likita zai iya cetowa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da nake ganin ya kamata mu daina. Da hunturu ya shigo da ƙura, ko afolo ya ɓarke a unguwa, sai a tare mai tallar magani a sayi na ɗigawa. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin dexamethasone, wanda ke kwantar da ja nan take, amma yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido idan aka daɗe ana amfani da shi. Mun sami kwalabe biyu irin wannan a aljihun keken ɗinkin Kawu.

A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar kogi, kuma mun ga yadda aka bi gida-gida a jiharmu ana rabon maganin amosanin ido. Hawan jinin ido ba ya jin irin wannan gangami, domin sai an zaunar da mutum an duba idonsa kafin a gane shi. Ya fi kama baƙar fata, yana kuma bin dangi, shi ya sa likitoci ke son duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da ciwon suga, ko wani nasa ya taɓa kamuwa, ya riƙa zuwa awo ko da idonsa garau yake.

Kafin mu fito likitan ya dube ni ya tambayi shekaruna, na ce 43, ya ce in zauna a kujerar da Kawu ya tashi. Awona ya fito daidai, amma ya rubuta mini ranar dawowa baɗi. Mahaifiyata, wadda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Kawu, ta ce ita idonta ba ya ciwo, sai da na yi sati biyu ina roƙonta kafin ta yarda mu tafi ranar Litinin. Shi kuwa Kawu ya koma shago da idon hagu, kuma autarsa ce ke ɗiga masa magani bayan sallar asuba da bayan magariba.