Beretta, Browning ko 'yar Turkiyya: wacce ke riƙe kuɗinta?

A Ingila, masu wasan harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama sun fi fita da bindiga mai baki biyu, irin wadda bututu ɗaya ke bisa ɗaya. Na sayi irinta na sayar a kasuwar kayan hannu, kuma yanzu abin da nake fara dubawa shi ne gaɓar da take karyewa a zuba harsashi. Zanen jikin ƙarfe da ƙyallin katako sai daga baya.

Beretta 686, ƙirar garin Gardone Val Trompia na Italiya, tana juyawa ne a kan wasu gajerun ƙusoshi biyu a gefe da gefe, sannan sanduna biyu masu tsini su shige ramukan da ke gindin bututu su kulle. Shi ya sa jikinta bai da tsayi, ba ta cika hannu. Idan ta yi sako-sako, maƙerin bindiga zai sa wasu ƙusoshin ko sandunan masu ɗan kauri ta koma daram. Browning kuwa, wadda kamfanin Miroku ke ƙerawa a Kochi ta Japan tun fitowar Citori a 1973, doguwar ƙusa ɗaya ce ta ratsa faɗin jikinta, makullin yana ƙasa. Ta fi tudu, ta ɗan fi nauyi, kuma nauyin yana rage dukan kafaɗa. Wajen juriya ban ga wadda ta kayar da 'yar'uwarta ba. Sai dai tsofaffin Browning suna son a goge musu ɗakin harsashi da mai duk ranar da aka yi harbi, in ba haka ba tsatsa ta kama, alhali cikin bututun Beretta shafe yake da kurom, ƙarfen da ke hana tsatsa.

Bindigogin Turkiyya irin su ATA da Yildiz da Kofs suna aiki, ga araha. Matsalar ranar sayarwa ce: sabuwarta ma ba tsada, to me zai sa mutum ya biya kuɗin kirki a kan ta hannu? Perazzi da Krieghoff K-80 na manyan 'yan gasa ne, masu sayensu kaɗan ne, sai a daɗe ana jiran ciniki. A ganina Beretta ko Browning ko Miroku ta hannu, wadda mai ita na farko ya riga ya sha faɗuwar sabunta, ita ce ke dawo da mafi yawan kuɗinta.

Kafin in taya, nakan cire katakon gaba, in riƙe ƙota in girgiza. Ko ɗan motsi na ji tsakanin bututu da jiki, akwai kuɗin gyara. Sai mabuɗin sama: a sabuwa yana karkata dama, idan ya wuce tsakiya ya koma hagu, makulli ya cinye. Nakan rataye bututun a yatsa in ƙwanƙwasa. Mai lafiya ƙara yake kamar ƙararrawa, idan ya yi dum, ƙarfen da aka liƙa a tsakani ya fara sakewa. Da harsashin gwaji marar albarushi nake jan kunama. Yawancin bindigogin nan sai harbin farko ya girgiza su kafin baki na biyu ya ɗana, don haka a buga gindin ƙota da tafin hannu, kada a zaci lalacewa ce.

Hatimin gwaji, wato tambarin da ke nuna an gwada bindigar ta jure ƙarfin harbi, dole ne. Doka ta hana sayar da bindigar da ba ta da shi, kuma gidajen gwajin Landan da Birmingham ne ke bugawa, ko takwarorinsu na ƙasashen da aka amince da su. Yanzu da ake barin harsashin dalma ana komawa na ƙarfe, mai saye yana neman alamar fure mai kunne uku, wadda ke nuna an gwada bindigar don harsashin ƙarfe, da ɗakin harsashi na milimita 76, da bakin da ake kwancewa a canja matsinsa.

Asarar da ta fi yi mini ciwo ni na jawo ta: na yanke ƙota da inci ɗaya don ta zauna mini, ranar sayarwa duk wanda ya ɗora a kafaɗa sai ya rage tayi. Bututu mai inci 30 ya fi saurin samun mai saye, mai inci 26 yakan kwana a kanti.