Volt 65 a makunnin da aka yi don 28

Tun da 'yar sama jannatin Saudiyya Rayyanah Barnawi ta je tashar sararin samaniya a Mayun 2023, yaranmu na Jidda da Makka ke tambaya: in abu ya lalace a can sama, yaya ake yi? Ni dai Jim Lovell nake nuna musu, kwamandan Apollo 13, kumbon da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta harba zuwa wata da mutum uku.

Duk wanda ya zauna a tsofaffin gidajen Makka ya san soket na 110 da na 220, ya kuma san ƙaurin na'urar da aka jona inda bai dace ba. To, kusan haka aka yi. Tankin oksijin na biyu na Apollo 13 yana da hita a ciki, makunnin da ke kashe ta kuwa na volt 28 ne. Tun kumbon na ƙasa aka ba shi 65, aka bar hitar kusan awa takwas. Makunni ya narke ya manne, rufin wayoyi ya lalace, ba wanda ya lura. Ran 13 ga Afrilu 1970, kimanin kilomita 320,000 daga duniya, Jack Swigert, ɗaya daga cikin abokan tafiyar Lovell, ya kunna fankar cikin tankin, tartsatsi ya tashi, tanki ya fashe.

Maganar sauka a wata ta mutu nan take, sai lissafi. Su uku suka matsu cikin Aquarius, ƙaramin kumbon sauka a wata da aka ƙera don mutum biyu su yi kwana biyu. Ruwan sha ya koma kusan mililita 200 ga kowa a rana, sanyi ya sauko wajen digiri 3. Iskar da suke fitarwa ta fara taruwa, ga matatan babban kumbo masu kusurwa huɗu, ga ramin Aquarius zagayayye. Injiniyoyin NASA da ke Houston suka karanto musu yadda za su haɗa su da leda, kwali, salatif da tiyon rigar sama, suka bi daki-daki. Sun faɗa tekun Pasifik ran 17 ga wata.

Lovell ya bar NASA a 1973, ya shiga kasuwanci, ya daɗe kamfanoni na gayyatarsa lacca kan jagoranci, har ya rasu a Agustan 2025 yana da shekara 97. Masu sauraro jarumta suke so su ji. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini shi ne 'yar takardar da Swigert ya rubuta wa "a'a" da Turanci, ya manna kan makunnin da ke yar da Aquarius, don kada gajiya ta sa ya taɓa shi abokansa biyu na ciki.