Ba hutu na je nema ba

Idan ɗan ƙwallo ya ji rauni a gwiwa, ba mai ce masa ya haƙura ya zauna. Za a auna shi, a tsara masa atisaye, a faɗa masa lokacin da ake sa ran zai koma fili. Amma mace ta haura sittin ta kai irin ciwon nan, abin da za ta ji shi ne, "Mama, ai shekaru ne, ki riƙa hutawa." A haɗa ta da man shafawa ta dawo gida. Ni maganar nan ta ishe ni. Ina gudu da safe, ina ɗaga ƙarfe daidai ƙarfina, kuma a matsayin 'yar wasa nake so a duba ni.

Gwiwar hagu ce ta kai ni wajen likitar fisiyo, mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar atisaye, ciwo a gaban ƙoƙon gwiwa, musamman in zan sauko daga bene. Kafin ta taɓa ni sai ta ce, "Mama, me kike so ki koma yi?" Na ce gudu. Ko gezau. Ta jawo kujera marar hannu, ta ce in harɗe hannuwa a ƙirji in riƙa tashi ina zama na daƙiƙa 30, tana ƙirgawa. Sannan ta ɗora ni a kan akwatin katako da ƙafa ɗaya, in sauko a hankali, ita kuma tana durƙushe ta zuba wa gwiwar ido. A madubi na gani da kaina: gwiwar na karkatowa ciki, ƙuguna na zubewa gefe guda. Ashe tsokar ƙugu ce ta yi sanyi, ta bar wa gwiwa aikin da ba nata ba.

Tausa kaɗan na samu. Sauran duk gumi ne: roba a cinyoyi ina tafiya gefe-gefe kamar ƙaguwa, tsuguno da nauyi a hannu, ɗage dunduniya a bakin matakala. Ta rage min tsawon gudu, amma ba ta hana ni ba. Dokarta ita ce ɗan ciwo lokacin atisaye ba laifi ba ne, muddin bai ƙaru ba kuma ya lafa kafin washegari. In gwiwa ta kumbura ko ta hana barci, a ja baya.

Gaskiya ne in al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin yana raguwa, ƙashi ya fara sanyi, tsoka ma ta riƙa zubewa. To amma zama ne ke hanzarta abin. Tun 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta a Amurka suka sa tsofaffi 10 masu shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8, ƙarfinsu ya ninka fiye da biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce wanda ya kai 65 ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ya yi atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu, na daidaita tsayuwa kuma sau uku. Wannan ai jadawalin ɗan wasa ne.

Ban ga laifin tsararrakina da ke jin nauyin kiran kansu 'yan wasa ba. Mun taso ne lokacin da ake ganin dogon gudu ba na mata ba ne. A 1967 wani jami'in gasar gudun fanfalaki ta Boston ya bi 'yar tsere Kathrine Switzer a guje zai fizge lambar da ke rigarta, kuma sai 1984 aka saka gudun fanfalaki na mata a Olamfik. Switzer ɗin ta sake yin gudun a 2017 tana da shekara 70.

Sai dai kirarin yana da haraji. 'Yar wasa ba ta jefar da roba ranar da ciwo ya tafi, kuma a nan ƙawayena da yawa ke zamewa, bayan 'yan watanni su koma da kukan jiya. Ranar hutu ma tana cikin tsari, ko da ƙafa na ƙaiƙayi. Wannan ya fi komai yi min wuya.

Yanzu likitar ta ce ba zan ƙara sauri ba sai na iya tsalle da ƙafar hagu na dira ba tare da gwiwar ta leƙa ciki ba. Ta dama ta wuce tuni. Ta hagu har yanzu muna kai ruwa rana.