Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da Muka Zauna Lissafi a Ramkamheng

A makon jiya na tsaya muku a inda muka tashi daga ɗakinmu na bayan kasuwar Firatunam muka koma Ramkamheng, unguwar da Musulmin kudancin Tailan suka yi yawa, don uwargida ta samu dangi kusa. Yau kuma labarin wani dare ne a watan Mayu na 2024. Shekarata tara a Bankok a lokacin, amma sai a daren na san nawa mai iyali yake buƙata kafin ya ga ƙarshen wata a garin nan. Ni aikin kago nake, ina ɗaure wa 'yan Kantin Kwari da 'yan Legas kaya, saboda haka abin da nake samu ba albashin ƙasar ba ne, kuma cefane yana hannun uwargida.

Bayan Isha'i ƙanwar matata ta yi sallama, jaririyarta 'yar wata takwas a kafaɗa, wani ƙaramin littafin rubutu a hannu. Mijinta yana biye da ita, ko rigarsa mai ruwan lemo ta 'yan acaba bai cire ba. A nan ɗan acaba mai rajista da wannan rigar ake gane shi, ana ce musu 'yan "win". Suka zauna a tabarma, aka kawo shayi, babu wanda ya taɓa.

Ta ce, "Bang, kai ɗan kasuwa ne. Duba mana, ko akwai inda muke ɓarna ba mu sani ba."

Bang shi ne Yaya a bakin Musulmin ƙasar. Na karɓi littafin. Ba na karanta rubutunsu sosai, sai uwargida tana karantowa ina dannawa a waya.

Muka fara da abin da ke shigowa. Ita ɗinki take yi a wani ƙaramin kamfanin riguna, kuma mafi ƙarancin lada ake biyanta, bat 363 a rana (bat shi ne kuɗin Tailan), wanda doka ta sa wa Bankok a farkon shekarar. Kwana 26 a wata, ya kama bat 9,438. Shi kuma bayan ya cire kuɗin mai da na gyara yana tsira da wajen 14,000, idan ruwan sama bai hana shi fita ba. Sai taimakon hukuma: a lokacin asusun inshorar ma'aikata yana ba ta bat 800 a kan kowane yaro da bai haura shekara shida ba, akwai kuma tallafin yara na masu ƙaramin ƙarfi, bat 600 kowane yaro. Yaransu biyu, babban yana da shekara biyar. Gaba ɗaya muka samu 26,200 da ɗan ɗoriya.

Na ce a raina, ai wannan kuɗi ne. Sai uwargida ta juya shafi.

Hayar ɗaki 4,500. Ɗaki ɗaya ne da banɗaki da 'yar baranda ta shanya, a hawa na huɗu, babu lif. Wuta da ruwa 1,300, kuma a nan na fara jin zafi. Mai gida na kansa idan ya biya hukumar lantarki, kimanin bat 4 yake biya a kan yunit. Ɗan haya kuwa mai bene ne yake sa masa mita, ya sayar masa a kan 7 ko 8. Wato talaka ya fi mai hali sayen wuta da tsada. Watan Afrilu shi ne tsakiyar bazara a Tailan, zafin da ko ɗan Kano sai ya sara masa, su kuwa fanka biyu ce da firji, ba su da na'urar sanyaya ɗaki, amma takardar ta zo haka.

Abinci ne ya ci kaso mafi girma, bat 300 a rana, 9,000 a wata. Na ce me zai hana a riƙa girki a gida? Matata ta kalle ni kallon wanda ya manta inda ya fito. Yawancin irin waɗannan ɗakuna ba su da kicin, kuma masu gidan sun hana shigo da tukunyar gas don tsoron gobara. Abin da ake yi shi ne a dafa shinkafa a tukunyar lantarki, a sauka bakin layi a sayo miya a leda, bat 40 ko 50 kowace ɗaya. Leda biyu da dare, a soya ƙwai a ƙara, mutum uku su ci. Shi mijin da rana sai ya ci a waje, faranti ɗaya bat 50, kuma sai ya nemi inda ake sayar da na halal. Na tuna yadda muke ɗaukar shinkafa 'yar Tailan a Kasuwar Singa a matsayin abincin masu hali. Ga ni a ƙasar da ake noma ta, ina kallon mace tana lissafin ko za ta sayi buhu mai kilo biyar yau ko ta jira Asabar.

Madarar gwangwani da famfas 2,800. Nono ya ɗauke mata tun da ta koma aiki bayan wata uku da haihuwa. Bashin babur 2,400, saura shekara guda. Katin waya na su biyu 600. Ana yanke mata kashi biyar cikin ɗari na inshora, 472. Kuɗin tara na yaron 800. Sai bat 2,000 da take aika wa mahaifiyarsu, wato surukata, a Fatani can kudancin ƙasar duk wata, wanda da na ɗora yatsa a kai, su ukun suka girgiza kai lokaci guda. Ɗan Tailan zai kwana da yunwa bai taɓa kuɗin uwa ba, kuma ban ja da su ba, domin ni ma haka nake da Hajiya.

Jimla ta kama kusan 23,900. Saura 2,300 ke nan. Na ce to alhamdu lillahi, ai ba a ci bashi ba.

Sai ta ce, "Bang, ba a sa mai reno ba."

Ashe wata dattijuwa ce a benensu take riƙe mata jaririyar a kan ɗan abin da ba a rasa ba, yanzu kuma za ta koma garinsu. Gidan renon da ta samu mafi sauƙi 4,500 yake karɓa. Cibiyoyin yara na hukuma kuwa sai yaro ya kai wajen shekara biyu. Da na ƙara wannan, lissafi ya tashi 28,400, abin da ke shigowa 26,200. Giɓin 2,200 kowane wata, kafin a yi maganar kayan Sallah, ko taya ta fashe, ko a yi rasuwa a gida.

In faɗi gaskiya, akwai abin da gwamnatin Tailan ta ɗauke wa talaka. Tun 2002 suke da tsarin asibiti da ake kira na bat 30, yaro ya yi zazzaɓi ba sai an sayar da akuya ba. Makarantar gwamnati kyauta ce, ana ba yara madara da abincin rana. Shi ya sa ba ku ga kuɗin magani ko na makaranta a lissafin ba. Da akwai su, da tuni gidan ya watse. Amma tsakiyar Mayu ake buɗe sabuwar shekarar karatu, kuma yaro yana buƙatar yunifom, da kayan motsa jiki, da takalmi, da jaka. A irin wannan lokaci shagunan jingina suke cika. Na dubi wuyanta, 'yar sarƙar zinaren da ta sa ranar aurenta ba ta nan. Ban tambaya ba.

Mijin ya ce wani abokin aikinsa ya nuna masa masu ba da bashin bayan fage, waɗanda ke ɗora ruwa kashi 20 cikin ɗari a wata, su riƙa zuwa karɓa kullum a kan babur, hular kwano a rufe da fuska. Ya ce ko ba haramun ba ne, ya ga yadda suka yi da mutane. Na ji ya ƙara girma a idona.

Ana cikin haka ƙanena ya kira daga Kano. Na fita baranda, na ɗan gutsura masa. Ya buga lissafi, a lokacin bat ɗaya na kai wajen naira 40, ya ce, "Haba Yaya, mai kashe sama da miliyan a wata shi ne talaka?" Na rasa ta inda zan fara. Ta yaya zan nuna masa cewa wannan miliyan ɗin ɗaki ɗaya ne da miya a leda? Ni kaina, kafin a sabunta mini bizar aure sai na nuna bat 400,000 a banki ko shaidar samun 40,000 a wata. Ga 'yan ƙasa su huɗu suna fama da abin da bai kai haka ba.

Da na dawo ciki, sai na tarar matata tana share hawaye. Ashe ba lissafi ne ya kawo su ba, sun riga sun yi shi sau goma. Sun zo ne su faɗa mana za su kai jaririyar Fatani wajen kakarta, tafiyar sama da kilomita 1,000. Haka dubban iyaye suke yi a Bankok, musamman mutanen Isan na arewa maso gabas. Kaka ta riƙe jikoki a ƙauye, iyaye su turo kuɗi, a ga juna sau ɗaya ko biyu a shekara. Mu ma muna kai yaye gidan kaka, muna ba da riƙo, amma namu don zumunci ne, kuma yaro ya kai ya yi tafiya da ƙafarsa. Wannan 'yar wata takwas ce, ko rarrafe ba ta ƙware ba, kuma kuɗin haya ne zai raba ta da uwarta.

Uwargida ta ce, "Kawo mini ita da safe, ki ɗauke ta da yamma. Namu biyu suna makaranta, ni ina gida."

Na ce ni ma na yarda, madarar ma a bar mini. Ƙanwar ta sunkuyar da kai. Akwai wani hali na mutanen ƙasar da suke kira "kireng jai", kusan abin da muke ce wa kara: mutum ya gwammace ya cutu da ya ɗora wa wani nauyi. Ta ce wa yayarta, "Kak, ke ma ba ki daɗe da tashi daga jinya ba. Ba zan iya ba." Suka yi ta yi da yaren Malayu na Fatani, ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya, jaririyar tana barci a tsakaninsu.

Shi mijin bai ce uffan ba sai can. Ya sa hannu a aljihun rigar acaban, ya zaro takardu biyu ya ajiye a kan littafin. Tikitin jirgin ƙasa ne na zuwa kudu, na ranar Juma'a da yamma, ya saya tun shekaranjiya bai gaya wa matarsa ba.

Abin da ya faru a tashar jirgin, da maganar da surukata ta faɗa mini a waya da asuba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.