Ramin da ya ɓullo ta gefe

Ƙannena masu koyon kafinta, bari in ba ku labarin wata ƙafar fitila da ta cinye mini ladan sati biyu. Lokacin ina yaron shago a Anloga, nan Kumasi, tun ba a kwashe kafintoci zuwa Sokoban ba. Wata Hajiya daga Aboabo ta kawo aikin fitilun tsaye guda biyu na katakon odum. Kowace ƙafa tsawonta santimita 60, kuma ana so a huda ta daga sama har ƙasa don waya ta bi ta ciki. Masta ya tafi jana'iza, ni kuwa a ganina na riga na iya.

Na ɗauko bit, wato ƙarfen huji da ake sa wa diril, irin mai faffaɗan baki, wanda ya yi kama da ɗan shebur, na jona masa sanda ya yi tsawo, na danne katakon da gwiwa, na sakar wa diril gudu. Ban kai rabi ba hayaƙi ya fara tashi. Maimakon in tsaya sai na ƙara dannawa. Can sai ga bakin ƙarfe ya leƙo ta gefe, saura ƙiris ya shiga gwiwata.

Da Masta ya dawo bai yi faɗa ba. Ya juya katakon, ya leƙa ramin, ya ce, “Yaro, garin katakon da ka yanka, ta ina ka so ya fita?”

Wannan tambayar ita ce rabin aikin. Mai shebur yankewa kawai ya sani, ba shi da hanyar tura gari waje. A rami mai zurfi garin ya kan cushe a bayansa, ya ɗauki zafi, ya ƙona katakon, ya dakushe bakin. Sandarsa kuma siririya ce, ba ta taɓa bangon ramin, don haka babu abin da zai hana ta lanƙwasa. Bit ɗin da ake kira fosna ma haka: yana yin rami mai tsafta na maƙalar ƙofar kabad, amma ba na tafiya mai nisa ba ne. Na zurfi shi ne oga (bit ɗin nake nufi, ba mai shago ba), mai ɗan sukuru a tsini da jiki a murɗe. Sukurun yana jan sa ciki, murɗin yana kwaso gari, jikinsa kuma ya cika ramin, shi ya sa yake riƙe hanya. Duk da haka, in ka ci santimita 3 ko 4, zaro shi ka karkaɗe. A ɗanyen katako ma sai ka fi haka yawan zarowa, domin jiƙaƙƙen gari kamar tuwo yake kamawa.

Ɗaya rabin shi ne farawa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: santimita 5 na farko su ne ke nuna inda ramin zai ɓulla. Kada ka fara da dogon bit. Fara da gajere mai kauri ɗaya da shi, ta cikin guntun katako mai tauri da aka riga aka huda a miƙe, ka ɗaure shi a bakin aikin ya zama jagora. Aikin kansa a matse shi da kilam, wato ƙarfen matse katako, a kan tebur. Gwiwa ba kilam ba ce.

Ku kuma bambanta huda katako a gicciye da bin tsawon jijiyarsa. In kana bin jijiya, sukurun ba ya kamawa sosai, kuma bit yana son bin inda jijiyar ta karkata. Katakon da ake kira wawa mai laushi ne, ya kan yi maka haƙuri. Odum ba ya yi, wani lokacin ma har da ɗan dutse-dutse a cikinsa da ke kashe kaifi nan take. In ka kai bit Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda, a ƙara masa tsawo da walda, mirgina shi a kan gilashi tukuna, in yana tsalle a miƙe shi.

Bit ɗin oga ma ya koya mini nawa karatun. Ina huda gungume don ƙaton noti, na sa shi a babban gudu, na riƙe diril da hannu ɗaya. Ya cije a ciki, diril ɗin ya juya da wuyan hannuna, na yi kwanaki ina cin abinci da cokali a hagu. A sa diril a ƙaramin giya, a ɗaura mariƙin gefe. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, diril na juyawa da hannu ya isa, kuma da shi kake jin abin da ke faruwa a cikin katakon.

Ƙafa ta biyu tare muka yi da Masta. Ya sa alamar tsakiya a kowane kai, muka huda santimita 30 daga sama, muka juya muka huda 30 daga ƙasa. Ramukan sun ɗan saɓa a tsakiya, amma waya ta wuce, ba kuma mai gani. Wadda na ɓata, kuɗin sabon katakonta daga ladana aka cire, ita kuwa Masta ya yanyanka ta, muka yi guntayen jagora da ita.