Safar wanki ko tawul? Abin da baƙar motata ta koya min

Ƙannena masu son kula da mota, bari in gaya muku ɓarnar da na yi da hannuna, kada ku maimaita.

Da na fara wankin mota irin wanda ba a ɗauraya, safar wanki, irin wadda ake zura hannu a ciki, na ɗauka, don da ita hannuna ya saba. Na haɗa maganin Optimum No Rinse yadda aka tsara, mililita 30 cikin ruwa kusan lita 8. Sai in tsoma safar, in goga, in sake tsomawa a bokitin nan guda. Motar baƙa ce. Bayan 'yan watanni rana ta haske murfin injin, na ga siraran karce zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma laifin ba na maganin ba ne.

A wankin da aka saba, ruwan tiyo ne ke tafiya da datti. Nan kuwa babu tiyo. Maganin yana lulluɓe ƙura ya sa ta yi santsi, amma duk abin da ya bar jikin fenti, cikin abin gugarka yake shiga. Safa fuska biyu gare ta. Kafin in gama ƙofa ɗaya ta cika da yashi, ni kuma ina ta jan yashin a kan shafen sama mai sheƙi, wanda galibi bai kai kaurin silin gashi ba.

Yanzu tawul ɗin maikrofaiba, wato na zaren roba siriri sosai, nake amfani da su, masu laushi, marasa ɗinki mai tauri a baki. Ina jiƙa shida zuwa takwas a bokiti. Kowanne in ka ninka shi biyu, ka sake ninkawa, ya ba ka fuska takwas. Ka fara fesa maganin a inda za ka goge, ka ja tawul sau ɗaya a miƙe ba tare da dannawa ba, ka juya sabuwar fuska. Wanda fuskokinsa suka ƙare ba ya komawa bokiti, don haka ruwan yana nan tsaf har ka gama. Daga rufi ake farawa, gindin mota ne ƙarshe, sannan ka tsane kowane ɓangare da busasshen tawul kafin ya bushe da kansa.

Ban ce safa ba ta da amfani ba. Tana zama a hannu, ba ta suɓucewa, kuma ta fi sauri. In ita kake so, ka tanadi bokiti na biyu mai raga a gindi, ka cuɗa ta a kai bayan kowane ɓangare. Ni dai na san gaggawa tana sa in tsallake wannan, shi ya sa na zaɓi tawul.

Motar da ta sha taɓo kuwa, babu wanda zai cece ta cikin biyun, sai an fara watsa mata ruwa. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar. Wajen wanke su ma na taɓa lalata da yawa: kada ka haɗa su da kayan auduga, kada ka zuba maganin laushin tufafi don yana toshe zaren, kuma zafi mai yawa yana ƙona shi ya yi kaushi.