Rasit ɗin firji ba takardar ƙunshin ƙosai ba ce

Duk wanda ya sayi firji ko firiza ko janareta a shagona, ba ya tafiya sai na zaunar da shi minti biyar. Yara na can suna ɗaure kaya a bayan a-kori-kura, ni kuma na jawo littafin rasit, na zura takardar kabon, ina rubutawa da biro: sunan mai saye, kwanan wata, kamfani, samfuri, sai lambar nan da ke manne a bayan firjin. Wani har tsaki yake yi. "Alhaji, ai na yi tiransifa, ga alat nan." To alat ɗin kuɗi kawai ya ga sun fita, bai san firji ka saya ko buhun shinkafa ba.

A wajen maigidana na koyi wannan, Allah ya jiƙansa. Ina yaron shago, ni ake turawa bayan firji da tocila in karanto lamba. Wata rana na rubuta 8 a wurin B. Da yamma yana duba kabon ya gano, ya sa na hau keke tun daga Sabon Gari har Gwammaja a nan Kano na karɓo rasit ɗin aka gyara. Da na dawo ina haki ya ce, "Kai yaro, lambar nan ita ce sunan yankan firji. Idan babu ita, kamfani bai san ɗansa ba." Lokacin haushi na ji. Sai da na fara kai kayan garanti da kaina na ga yadda ake dawo da mutum saboda harafi ɗaya.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koma POS, sai mutane suka ɗauka 'yar takardar da na'urar ke tofowa ta wadatar. Ita fa ba tawada a jikinta, zafi ne ke fito da rubutun, zafi kuma ke cinye shi. A ajiye ta a mota cikin Afrilun Kano, ko a saman firjin inda ɗumi ke tasowa, bayan 'yan watanni sai fara fat. Wani bawan Allah don tsabar kulawa ya kai tasa aka yi mata lamineshin, ta fito baƙa ƙirin. A yi mata fotokwafi tun tana sabuwa, a ɗauki hotonta a waya, shi ke nan.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaskwarima. Su samo tsohon firji na gwanjo, su fesa fenti, su manna tambarin babban kamfani, su naɗe shi da leda har da kumfa. Rasit ɗinsu kuwa ba adireshi, ba lamba, "firji 1" kawai da sa hannu kamar tafiyar tsutsa. Mutum zai yini yana taya kayana, ya tashi saboda dubu biyar, bayan wata biyu ya dawo da abin a kan baro wai ba ya sanyi. Ina buɗe baya zan ga kwamfuresa mai tabon walda, an ɗura masa gas R134a alhali R600a aka rubuta a jikinsa. Ni kafin firji ya bar shagona sai na kunna shi a gabanka, ka taɓa bututun da hannunka, ka ji ƙarar injin. Zan kuma gaya maka idan an sauke shi a gida a bar shi tsaye na wasu awanni man ya koma mazauninsa kafin a jona, a haɗa shi da sitabilaiza, don garanti ba ya biyan ɓarnar wutar NEPA. Wannan ma ina rubuta shi a ƙasan rasit, kada gobe a ce ban faɗa ba.

Masu sayen kayan ɗaki nakan ce musu, "Baba, a bar ni in sa sunan amarya, takardar kuma a ba mahaifiyarta." Iyaye mata sun fi mu ajiya, abin da ya shiga ƙasan akwatin Hajiya ko gara ba ta isa gare shi. An taɓa zuwar min da rigimar firiza bayan aure ya mutu, kowane ɓangare na cewa nasa ne. Na sauko da littafin shekara uku baya, muka gwada lamba, sunan yarinyar ya fito, magana ta ƙare a nan. Haka mai ɗauko janareta zuwa ƙauye, idan aka tsayar da shi a shingen hanya, rasit za a fara tambayarsa.

Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta nuna mana littafi ma ba shi da tabbas, don mutane da yawa kaya da takardu duk tare suka tafi. Tun daga lokacin, kullum bayan la'asar ƙaramin yarona ke bin kabon shafi-shafi yana ɗauka a waya. Jiya na kama shi ya rubuta 5 a wurin S a wani rasit. Sa'arsa ɗaya, mai firjin a nan kusa yake, a Fagge.